Wane ne "stormtrooper", kuma yaya za a faɗe shi da Hausa?

Wani matashi mai fassara labarai a gidan rediyo ya rubuto cewa: "Malam, a mako guda sau uku ina cin karo da kalmar stormtrooper. Na gan ta a labarin yaƙin Rasha da Yukren, na gan ta a wani sharhi kan hawan Hitila mulki, sannan na ji wani ɗan siyasa ya kira jami'an tsaron ƙasarsa da ita. Duka ukun na ce 'sojojin ƙundumbala'. Na yi daidai kuwa?"

Ɗan'uwa, a na farkon ka kusa, a sauran biyun kuwa ka kauce hanya. Kada ka ji komai, ni ma na taɓa faɗawa ramin nan. Ina sabon shiga aikin fassara aka ba ni wani rahoto kan tarihin Jamus, na rubuta cewa a 1933 "sojojin ƙundumbalar Hitila" sun tsaya a ƙofar shagunan Yahudawa suna hana mutane shiga. Dattijon da ke duba mana rubutu ya sauke tabarau, ya dube ni ya ce, "Yaro, wace ƙundumbala ce a tsare ƙofar mai sayar da takalma?" Ya ja layi a kan kalmar da jan biro, ya miƙo min takardar, bai ƙara ko uffan ba. Daga ranar na shiga bin diddigin kalmar.

Asalinta Jamusanci ce. Sturm yana nufin hadari ko guguwa, amma a bakin soja ma'anarsa ita ce afka wa wurin da abokan gaba suka kakkafu a ƙwace shi da ƙarfi. Akwai kuma Stoss, wato bangaza ko suka. Daga nan Jamusawa suka sami Sturmtruppen da Stosstruppen, Turawan Ingila suka mayar da su storm troops da shock troops, mutum ɗaya daga cikinsu kuma stormtrooper. Saboda haka duk wanda ya fassara ta da "sojojin guguwa" ya ɗauki ɓawo ya bar ƙwaya. Farmaki ake nufi.

Kalmar ta samu gindin zama ne a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Kafin ƙarshen 1914 yaƙi ya cije a yammacin Turai. Kowane ɓangare ya haƙa ramuka ya shige, tun daga gaɓar tekun Beljiyam har iyakar Suwizalan, tafiyar wajen kilomita 700. A gaban ramukan an shimfiɗa waya mai ƙaya, a bayanta an girke bindigogi masu jigida. Dabarar da hafsoshi suka sani ita ce a yi kwanaki ana luguden igwa, sannan a busa usur, dakaru su fito sahu-sahu su doshi ramin abokan gaba. To luguden nan shi ne ke sanar da maƙiyi inda za a ɓullo. Sai ya shige can ƙarƙashin ƙasa ya jira, da igwa ta yi shiru ya fito ya kafa bindigarsa, ya yi ta girbe mutane kamar dawa. Ranar 1 ga Yuli 1916 a bakin kogin Somme, bayan mako guda ana ruwan wuta, sojojin Birtaniya kusan 20,000 ne suka mutu a wuni ɗaya.

Jamusawa sun fara neman mafita tun a Maris 1915, lokacin da suka kafa wata 'yar runduna ta gwaji a ƙarƙashin Manjo Calsow. An ba su garkuwoyin ƙarfe da wata ƙaramar igwa ta kamfanin Krupp mai bakin milimita 37 wadda ake ja da hannu. Abin bai yi kyau ba: da igwar ta yi harbi sai walƙiyar bakinta ta tona asirin inda take, manyan bindigogin Faransa su yi mata ca. Wajen Satumban shekarar aka miƙa rundunar ga Kyaftin Willy Rohr, kuma shi ne ya kamata a kira uban wannan sana'a. Ya yi watsi da garkuwa, ya ce kariyar soja ita ce saurinsa da iya laɓewarsa. Ya gwada dabarunsa a duwatsun Vosges a ƙarshen 1915, aka kai su Verdun a Fabrairu 1916, a Afrilu kuma aka ɗaga rundunar ta zama cikakkiyar bataliya mai ɗauke da sunansa.

Bari in kwatanta maka mutumin, don ka gan shi da idon zuci. Saurayi ne, galibi marar aure, mai ƙoshin lafiya. Ya ajiye dogon takalmin sojan Jamus ya sa gajere, ya naɗe ƙwaurinsa da ƙyalle. An yi wa gwiwoyin wandonsa da gwiwar hannun rigarsa faci da fata, domin rabin tafiyarsa rarrafe ce. A kansa hular kwano, wadda rundunar Rohr na cikin waɗanda suka fara gwada ta. Bindigarsa gajeriya ce, kuma a rataye take a baya, don ba ita ce babban makaminsa ba. Babban makaminsa gurneti ne mai mariƙin itace, cike da buhu biyu da ya saɓa a wuya suna reto a ƙarƙashin hammatarsa. A ƙugu akwai wuƙa, ko 'yar shebur da aka wasa bakinta. Su takwas ne ko goma, shugabansu saje ne ko kofur. Ba sa jera sahu. Wannan ya faɗa ramin da harsashin igwa ya haƙa, wancan ya yi tsalle zuwa na gaba, mai bindiga mai jigida yana danne kan abokan gaba da wuta. In sun faɗa cikin ramin maƙiyi, wanda ake haƙa shi a karkace kwana bayan kwana, sai mai jifa ya wurga gurneti ta saman kwanar, da ta fashe na gaba ya kutsa kafin ƙura ta lafa, a sake jefa wata. Haka za su yi ta naɗe ramin kamar tabarma. Inda aka gamu da ɗakin siminti da ya gagara, a kira mai tulun wuta a baya, wanda ke feso harshen wuta ta bututu.

Amma kayan nan duk ba su ne sabon abu ba. Sabon abin biyu ne. Na farko, an ce musu in kun tarar da wuri mai ƙarfi kada ku tsaya kokawa da shi, ku zagaye shi ku wuce, na baya za su zo su ji da shi. Ku dai ku nemi inda ya yi laushi ku kutsa har ku kai ga igwoyinsu da mazaunin kwamandojinsu. Kamar ruwan sama ne a kan rufin soro, ba ya faɗa da inda aka daɓe da kyau, tsaga yake nema. Na biyu, wanda ni a ganina ya fi girma, an sakar wa saje mara ya yanke shawara da kansa a tsakiyar wuta ba tare da jiran umarnin hafsa ba. A rundunar da aka gina kan "yi abin da aka ce", wannan ba ƙaramin sauyi ba ne. Kusan duk sojan ƙasa na duniya a yau da ke tafiya cikin 'yar ƙungiya mai bindigarta mai jigida, wasu na harbi wasu na matsawa, gadon wancan zamani yake ci. Ba Jamusawa kaɗai suka gano hakan ba, domin wani kyaftin ɗin Faransa, André Laffargue, ya rubuta makamancinsa a 1915, Rashawa ma sun yi irinsa a farmakin Janar Brusilov na 1916. Jamusawa dai su ne suka mayar da shi makaranta. A Oktoba 1916 Janar Ludendorff ya ba da umarni kowace babbar runduna a fagen yamma ta kafa bataliyarta ta farmaki, kuma babban aikin bataliyoyin shi ne horar da sauran sojoji.

An ga amfanin abin a 1917: a Riga, a fagen yaƙi da Rasha, cikin Satumba a ƙarƙashin Janar Oskar von Hutier, sai a Caporetto cikin Oktoba inda rundunar Italiya ta watse aka kama mata fiye da mutum 250,000. A can ne wani matashin laftanar mai suna Erwin Rommel, da 'yan tsirarun sojojin yaƙin kan duwatsu, ya kama kusan 9,000 cikin kwana biyu da 'yan sa'o'i, ta hanyar zagayawa ya ɓullo musu ta baya. Masu igwa ma sun sauya salo a hannun Kanar Georg Bruchmüller: maimakon mako guda, sa'o'i kaɗan, da gaurayen iskar guba iri biyu, ɗaya mai sa atishawa da amai har mutum ya cire abin rufe fuskarsa, ɗayar kuma mai kisa.

Ƙololuwar abin ita ce 21 ga Maris 1918. Da ƙarfe 4:40 na asuba igwoyi sama da 6,000 suka buɗe wuta a kan sojojin Birtaniya, bayan sa'a biyar dakarun farmaki suka fito cikin hazo. A ranar kaɗai an kama 'yan Birtaniya wajen 21,000, cikin mako biyu kuma Jamusawa suka ci tafiyar kusan kilomita 60, a fagen da a da ake asarar dubban rayuka kan kilomita ɗaya. Duk da haka ba su kai garin Amiens da suke hari ba. Mutum da ƙafarsa ya fi dokin da ke jan igwa da abinci sauri a ƙasar da aka rugurguza, sai na gaba suka tsere wa kayan aikinsu. Ga yunwa: sojojin da suka shekara suna cin gurasar da aka yi wa algus, da suka faɗa rumbunan Ingilishi a garin Albert sai wasu suka tsaya ci da sha. Mafi muni, Jamus ta tsame gwanayenta ta sa su a gaba, su ne kuwa suka fi mutuwa. Ta yi asarar kusan mutum 240,000 a wannan farmaki kaɗai, tsakanin matattu da masu rauni da waɗanda aka kama, kuma irin waɗanda ba a maye gurbinsu da kurata.

Wannan ita ce ma'ana ta farko, ta soja tsantsa, kuma babu zagi a cikinta. Italiya ma ta kafa nata a 1917 da sunan Arditi, wato masu ƙarfin hali, mutanen wuƙa da gurneti. A nan akwai wani bambanci da ya kamata ka riƙe. Turawa kan ce shock troops ga duk rundunar da ake sa wa a gaba don ta fasa sahu, ko tana da horo na musamman ko babu. Faransa ta yi haka da sojojin Afirka da ake kira tirailleurs sénégalais, waɗanda ba daga Sanagal kaɗai aka kwaso su ba, daga ko'ina ne cikin ƙasashen Afirka ta Yamma da take mulka. Janar Charles Mangin ya yi imani cewa baƙar fata an halicce shi don irin wannan aiki, aka tura su gaba a Chemin des Dames a Afrilu 1917 cikin sanyin da ya daskarar musu da yatsu, dubbai suka hallaka. Wannan ba dabarar Rohr ba ce, sa mutum a bakin wuta ne kawai. Idan kana neman misalin masu fasa sahu a tarihinmu, 'yan lifida ne, waɗanda su da dawakinsu ke sanye da rigar da aka cusa wa auduga don kibiya ta maƙale, ake tura su su keta rundunar maƙiyi sauran barade su bi ta kafar. Aikin ɗaya ne, sai dai su da nauyi suke fasawa, na Rohr kuwa da sulalewa.

Yanzu ga inda kalmar ta lalace. Bayan an ci Jamus a 1918, sunan sojan farmaki ya zama abin alfahari ga tsofaffin sojojin da suka ƙi yarda an ci su. A 1921 jam'iyyar Nazi ta raɗa wa 'yan tsaron tarukanta suna Sturmabteilung, a taƙaice SA, sunan da rundunar Calsow da Rohr ta fara amsawa. Aikinsu shi ne tsare taron Hitila a gidajen giya na Munich, da tarwatsa taron 'yan gurguzu da sanduna da ƙafafun kujeru. Rigunansu masu ruwan ƙasa, waɗanda suka sa ake ce musu masu rigar ruwan ƙasa, asalinsu kwantai ne da aka ɗinka don sojojin mulkin mallakar Jamus na Gabashin Afirka, aka same su da araha bayan Jamus ta rasa ƙasashen. A ƙarƙashin Ernst Röhm suka kumbura har wajen mutum miliyan uku a 1934, alhali yarjejeniyar Versailles, wadda aka ƙulla bayan yaƙin, ta ƙayyade sojan ƙasar na gaskiya a 100,000. Akasarinsu matasa ne marasa aikin yi da ba su taɓa jin ƙarar igwa ba, don suna yara lokacin yaƙin. Sunan kawai suka ara. Su ne suka tsare shagunan Yahudawa ranar 1 ga Afrilu 1933, su ne kan gaba wajen ƙona wuraren ibadarsu daren 9 ga Nuwamba 1938. Da Röhm ya fara kwaɗayin haɗiye rundunar soja, Hitila ya sa aka kama shi ranar 30 ga Yuni 1934 aka harbe shi washegari, a cikin kisan da ya ci aƙalla mutum 85. Jaridun Ingila da Amurka kuwa storm troopers suke kiran 'yan SA tun daga farko, har ma'anar ta danne ta asali.

Abin da ke ba ni sha'awa shi ne Hausa ma ta yi irin wannan tafiya da ƙafarta. Masana harshe sun ce kalmar banga daga vanguard ta Turanci ta fito, wato rundunar da ke kan gaba a yaƙi. A siyasar shekarun 1950, zamanin NEPU da NPC, ta koma sunan matasan da ke raka 'yan siyasa suna kare taronsu, suna kuma tarwatsa na abokan hamayya. Kalmar soja ta faɗa hannun jam'iyya ta zama ta masu sanda da gora. To ka ga ba sai ka wahala ba: SA 'yan bangar jam'iyyar Nazi ne. Ka dai riƙa haɗawa da "siyasa" ko sunan jam'iyyar, tunda yanzu ana kiran 'yan sa-kai masu tsaron ƙauyuka 'yan banga su ma. In kana da fili ka ƙara da cewa masu kaki ne da muƙamai irin na soja, don kada mai sauraro ya zaci tarkacen 'yan jagaliya ne na unguwa.

Labarinka na uku daga nan ya samo tushe. Ɗan siyasar da ya kira 'yan sanda ko jami'an tsaro stormtroopers ba yabon jarumtarsu yake ba, cewa yake sun zama 'yan ta-kifen gwamnati irin na Hitila. Haka Nancy Pelosi, tana kakakin majalisar wakilan Amurka, ta kira jami'an tarayya da aka tura birnin Portland a Yuli 2020, aka yi ta ce-ce-ku-ce a kai. In ka ce "ya kira su sojojin ƙundumbala" ka mayar da zagi kirari. Ka ce "ya kwatanta su da 'yan bangar Nazi", ko "ya kira su karnukan farautar gwamnati" in kana son zafin maganar ya fito, amma na farkon ya fi aminci domin bai ƙara gishiri ba. Akwai kuma fim ɗin Star Wars na 1977, inda George Lucas ya ba sojojin azzalumar daula masu farin sulke wannan suna. Yaran yanzu da yawa su kaɗai suka sani da shi, shi ya sa wani lokaci za ka ga an yi amfani da kalmar don ba'a ga jami'an da suka rufe fuska suka sha sulke. A labarin nishaɗi ka bar sunan yadda yake, ka ce sojojin daular cikin fim ɗin.

Saura labarin Yukren, inda na ce ka kusa. Rashanci ya ari kalmar Jamusancin tun da daɗewa, suna cewa shturm, sojan da ke yin sa kuma shturmovik. Idan an juya rahoto daga Rashanci ko harshen Yukren zuwa Turanci, musamman da na'ura, sai ta fito stormtrooper, alhali ba Nazi ake nufi ba, ma'anar farko ce ta dawo. Duka ɓangarorin biyu suna da irin waɗannan rundunoni: Yukren na da Birged ta 3 ta Farmaki, Rasha kuma ta kafa Storm-Z a 2023, wadda aka cika da fursunonin da aka ɗebo daga gidajen yari, bayan kamfanin Wagner ya yi irin haka a Bakhmut. Yaƙin ya koma na ramuka kamar 1916, sai dai yanzu jirage marasa matuƙa na shawagi a sama, har ta kai mutum biyu ko uku ake turawa, wani lokaci a kan babur.

Me ya sa duk da haka ban ba ka cikakken maki ba? Domin a kunnen mai sauraron Hausa, sojan ƙundumbala shi ne wanda ake saukewa da dare a bayan abokan gaba, ya kuɓutar da wanda aka yi garkuwa da shi ko ya kashe wani jigo, ya fice kafin gari ya waye, irin sojojin Isra'ila da suka dira filin jirgin Entebbe na Uganda a 1976 ko waɗanda suka kashe Usama bin Ladan a 2011. Wannan shi ne kwamando, kalmar da Birtaniya ta aro a 1940 daga Turawan Boer na Afirka ta Kudu. Kwamando sara yake ya noƙe. Sojan farmaki kuwa a bakin daga yake, aikinsa ya ƙwace rami ko gini ya riƙe har na baya su iso. Kuma fursunan da aka ba horon mako biyu ko uku aka tura shi gaba, kiransa sojan ƙundumbala ya ba shi matsayin da rundunarsa ma ba ta ba shi ba. Ni "dakarun farmaki" nake cewa, ko "dakarun da ke kan gaba wajen kai farmaki" a ambaton farko. In ana maganar 1918 ne sai in ƙara "na musamman", tunda su zaɓaɓɓu ne. Kada ka ce "'yan ƙunar baƙin wake", ko da asarar ta yi yawa, don wannan suna ne na wani abu daban.

Ka kuma lura da 'yan'uwan kalmar, don suna da tarko. A Rashanci shturmovik na nufin jirgin yaƙi mai kai hari ƙasa-ƙasa, irin Su-25, saboda haka in ka ga an ce an harbo ɗaya, duba da kyau ko mutum ne ko jirgi. Sturmgewehr, bindigar Jamus ta 1944, ita ta ba da sunan da ake kiran dangin AK-47 da shi a Turanci, assault rifle. A nan "bindiga ƙirar AK-47" ta wadatar. Shock Army a tarihin Tarayyar Sobiyat babbar runduna ce mai dubun-dubatar sojoji, ta 3 daga cikinsu ce ta kama ginin majalisar Jamus a Balin a 1945. In kuma wata rana aka sa ka a teburin wasanni ka ga jaridar Jamus ta kira Harry Kane Stürmer, ɗan wasan gaba kawai take nufi.